Alwalar Baba Dogara

"Ƙaro ruwan nan, Hapsatu. Wannan ko maƙogwaro bai jiƙa mini ba."

Ƙwarya ta uku ke nan tun shigowar Iliyasu zauren. Baba Dogara ya kafa kai ya shanye, ruwan yana bin gemunsa yana ɗiga a gaban riga. Ya miƙa ƙwaryar ta bayan asabari, hannun matarsa ya karɓa. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma zafin bazara ya riga ya cika Kiyako, har kajin ƙofar gida sun buɗe baki.

"Zauna mana, likitan tumaki," in ji dattijon. "Ko sai an kawo maka kujerar ofis?"

Iliyasu ya zauna a gefen tabarma. Da suka gaisa ya ji hannun. Sanyi ƙalau, da danshi, kamar an tsamo shi daga randa.

"Baba, ya jikin?"

"Jiki lafiya lau. Kafaɗar nan ce kawai, ta hagu. Abin mamaki, a haƙarƙari ja'irin ya same ni, amma kafaɗa ce ke biya masa."

Ja'irin yana ɗaure a turke a tsakar gida, ana hango shi ta ƙofar zaure. Baƙin rago ne mai farin goshi. Shekaranjiya, a kasuwar Sara, Baba Dogara ya sayar da ragunansa huɗu, wannan ya ƙi taya mai kyau. Wajen mayar da shi mota ya ja da baya ya zabga wa maigidansa karo a ƙasan haƙarƙarin hagu. Dattijon ya faɗi zaune, ya miƙe, ya zagi ragon har kakanninsa, 'yan kasuwa suka yi ta dariya. Ya dawo gida da ƙafarsa. Jiya ma har gona ya leƙa. Yau da ya dawo daga sallar asuba ne ya ji ƙasa tana juyawa da shi, ya zauna a zaure, bai sake tashi ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na su Iliyasu. Shi da mahaifin Iliyasu tare suka tashi, tare suka yi aure a shekara guda. Da mahaifin ya rasu, shi ya ɗauki akwatin yaron a ka ya raka shi makarantar kwana. Iliyasu bai taɓa kallonsa ido cikin ido ba. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba.

Shekara biyu ke nan da Iliyasu ya gama sakandare. Abokansa sun wuce Kano, inda kuɗin mai ke ta buɗe ofisoshi, suna dawowa hutu a kan babur. Shi kuwa aikin da ya samu a wata gonar gwajin dabbobi ne, ta wajen Birnin Kudu, ƙarƙashin wani Bature likita mai jan wuya. Za a tsayar da tunkiya a cikin keji, a sa mata allura a jijiyar wuya, a riƙa janye jininta kaɗan-kaɗan zuwa cikin kwalba. Iliyasu yana gefe da agogo da takarda. Ya ƙirga bugun zuciya. Ya auna ruwan da ta sha. Ya auna fitsarin da ta yi. Ya taɓa kunnenta.

Fitsarin shi mutanen gari suka riƙe. Shekara biyar a makaranta, in ji su, don a koyi tarbar fitsarin tunkiya a kwano.

Likitan ya taɓa yi masa bayani, da Hausarsa ta 'yan mishan. Idan jini ya ragu, ƙarfinsa ya sauka a jijiya, jiki ba ya ihu. Aike yake yi. Ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙoda: riƙe ruwa, kada ɗigo ya fita. Ƙoda ta aika wa jijiyoyi: ku tsuke. A janye jini daga kunne da ƙafafu a kai wa zuciya da kai. A kunna ƙishirwa. Waɗannan 'yan aiken, homon yake ce musu, su yake farauta a cikin kwalabensa. Tunkiya tana tsaye tana tuƙa kamar ba abin da ya same ta, alhali rubu'in jininta yana kan tebur. Zuciyar tana gudu, kunnen ya yi sanyi, kwanon fitsari a bushe. Sai can, ba sallama, zuciyar da ke gudu ta lafa. Daga nan faɗuwa ce.

"Idan ta lafa, kada ka yi murna," in ji likitan. "Ka miƙo kwalba."

Sai su mayar mata da jininta ta hanyar da ya fito. Kafin a daɗe ta miƙe tana neman harawa.

Iliyasu ya dubi kunnen Baba Dogara, wanda hula ta danne samansa. Ya dubi leɓɓansa, sun yi fari-fari kamar na mai azumi. Ya dubi jijiyar wuyansa tana harbawa da sauri. Ya kawar da kai.

"Baba, da an leƙa asibiti."

"Saboda karon rago? A ce Dogara, shekara arba'in yana kiwo, rago ya kai shi gadon asibiti? Ai sai yaran Sara su yi mini waƙa. Na aika wa Maikano, yana tafe."

Bai rufe baki ba aka yi sallama. Maikano wanzami ya sunkuyo ya shigo da zabirarsa a kafaɗa, gajere, mai faɗin ƙirji, bakinsa ja da goro. Shi ya yi wa rabin mazan garin kaciya, har da Iliyasu, kuma ba ya bari a manta.

"A'a, manyan likitoci sun riga ni! To ni me zan yi kuma? Iliyasu, yau kwano nawa aka tara?"

"Yau hutu ne, Baba Maikano."

"Tumakin ma hutu suke? Allah mai iko." Ya tsuguna ya lalubi kafaɗar dattijon. "Nan? Ai jini ne ya taru ya mutu. Bugu ya kore shi daga haƙarƙari ya hau sama. Ƙaho huɗu, gobe kai ne a gona."

Iliyasu ya ce, yana kallon tabarma, "Baba Maikano, ina ganin kamar jininsa ya yi ƙasa. Da an bar wanda ya rage."

"Wanda ya rage?" Maikano ya juyo gaba ɗaya. "Ka ga inda ya zuba? Duba rigarsa. Duba ƙasa. Mutum bai ƙwarzane ko yatsa ba, ka ce jininsa ya ragu. Ina ya tafi, Gwaram?"

"Ciki."

"Ciki! To ai can ne gidansa, ɗan nan."

Baba Dogara ya yi dariya, dariyar ta tsaya masa a haƙarƙari, ya dafe wurin. "Ƙyale shi, Maikano. Duk wanda ya gani yanzu tunkiya yake gani. Ran nan ina kallonsa yana leƙa idon limamin gari."

Suka sake yin dariya. Daga bayan asabari ma an ji Inna Hapsatu ta yi 'yar dariya. Iliyasu ya sunkuyar da kai. Kalmar tana nan a bakinsa, amma duk ta inda ya juya ta, ma'anarta ɗaya ce: Baba, abin da nake gani a jikinka, a jikin dabba na san shi.

Maikano ya wasa aska a tafin hannu. Ya kafa ƙahonin a kafaɗa da gadon baya, ya zuƙa ya toshe bakin kowanne, ya cire, ya tsattsaga fatar, ya sake kafawa. Jinin ya yi nawar fitowa.

"Ka gani? Ya daskare. Ƙin fitowa yake yi." Ya ƙara zuƙa da ƙarfi har kumatunsa suka lotsa. Ya ƙara ƙaho biyu a kan huɗun.

Abin da ya fito ya juye a wani fasasshen kasko mai ƙasa a ciki. Iliyasu ya bi shi da ido. A wurin aiki kowane ɗigo yana da lamba da kwalba, ana ajiye shi da ɗumi, ana jiran lokacin mayarwa. Nan kuwa ƙasa ta shanye. Maikano ya ɗauki kaskon ya kife a gindin katanga a waje, ya dawo yana goge aska.

"Hapsatu, ruwa."

Ƙwarya ta huɗu. Ta biyar. Iliyasu bai yi niyyar ƙirgawa ba, hannunsa ne ya saba.

Ya kamata ya tafi gida, bai tafi ba. Maƙwabta suka riƙa shigowa dubiya, a yi sannu, a ba da labarin karon, a yi dariya, a fita. Dattijon ya ƙi kwanciya. Ya jingina da bango yana amsa kowa, yana hamma ba ta barci ba, yana juya ƙafa kamar tabarmar tana cizonsa. Da rana ta take, ƙwarya takwas ya sha.

Lokacin ne Iliyasu ya lura da butar. Tana bakin ƙofar zaure, inda Inna Hapsatu ta ajiye masa tun safe, butar ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. Da hantsi inuwarta tana yamma da ita. Yanzu inuwar ta shige ƙarƙashinta. Ƙasan da ke kewaye da ita a bushe yake, ko sawun ɗigo babu.

Aka kira azahar. Maikano, wanda ya tsaya cin tuwo, ya miƙa hannu zai ɗauko butar.

"Bar ta," in ji Baba Dogara. "Da alwalata."

"Ta yaushe?"

"Ta asuba. Ai ƙaho ba ya karya ta."

"Ba ya karyawa. Kai, masha Allahu! Duk ruwan nan da ka ɗura? Ni da na sha rabinsa da yanzu na yi sawu biyar a bayan gida. Dogara, kai dai akwai abin da ke tsakaninka da Allah."

Dattijon ya yi sallarsa a zaune. Maikano ya tafi masallaci, daga can ya ce zai leƙa wani aski ya dawo. Zauren ya rage su biyu, sai ƙuda, sai ragon da ke goga ƙahonsa a turke.

Iliyasu ya yi sallah a nan kusurwa. Ya sallame ya zauna. Ya fi rabin sa'a yana shirya tambaya guda a ransa. A wurin aiki ba ya tambayar kowa, kwano yake dubawa. Nan kuwa ba kwano, sai mutumin da ya ɗauki akwatinsa a ka. Akwai maganar da ɗa ba ya yi wa uba ko da gida yana cin wuta.

Ya matso ya durƙusa, ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Baba, ka gafarce ni."

"Me ka yi?"

"Abin da zan yi ne. Baba... yau ka zagaya kuwa?"

Iliyasu yana jin numfashin dattijon, gajere-gajere, yana jin nasa kunnuwan suna zafi.

"Shekara hamsin muna tare da ubanka," in ji Baba Dogara a hankali, "bai taɓa yi mini wannan tambayar ba."

"Na sani, Baba."

"Ɗago kanka."

Ya ɗago. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya ga ƙwayar idon mutumin. Ashe ruwan ƙasa ce, ba baƙa ba. Cikin fatar idon fari fat.

"Tun jiya da la'asar," in ji dattijon. "Kuma ba na jin alamarsa. Na ɗauka zafi ne yake shanyewa." Ya lashi leɓe. "To faɗa mini. In tunkiya ce, me ke nan?"

"Jikinka ne yake riƙe ruwan, Baba. Jini yana zuba a ciki, inda ragon ya buga. Jiki yana ɓoyewa. Zai yi ta ɓoyewa har ya gaji."

"In ya gaji fa?"

Iliyasu ya mayar da idonsa ƙasa.

"Su tumakin, me kuke yi musu?"

"Mayar musu da jininsu muke yi."

Baba Dogara ya juya kai ya dubi waje, gindin katanga, inda kaji biyu ke tonon ƙasar kaskon.

"To, ga nawa can ana rabo." Ya yi ɗan murmushi. "Tun hantsi ka sani?"

"Tun da muka gaisa."

"Ka zauna kana kallona."

"Eh, Baba."

"Mun yi maka tarbiyya," in ji dattijon. Ya lumshe ido ya buɗe. "Jeka nemo Ɗanbala."

Mota ɗaya ce a kusa, a-kori-kurar Ɗanbala, wadda ke jigilar dabbobi da buhuna tsakanin kasuwanni. Iliyasu ya hau keke ya fita bakin titi. Aka ce Ɗanbala ya kai gyaɗa Gwaram, yana hanya. Ya tsaya a rana. Ya tsayar da tanka, ba ta tsaya ba. Ya tsayar da wata doguwar mota mai sheƙi, mutumin ciki ya ɗaga masa hannu ya wuce. Sai da aka kira la'asar a-kori-kurar ta ɓullo, tana tafe a karkace.

Da suka iso ƙofar gida, Maikano yana tsaye yana washe jajayen haƙoransa. Inna Hapsatu ta fito har zaure da mayafi, abin da ba ta saba ba.

"Iliyasu, ka wahalar da kanka a banza," in ji ta. "Sauƙi ya samu. Ya daina neman ruwan ma."

"Zo ka ji da hannunka, likita," in ji Maikano. "Ɗazu ƙirjin nan kamar kalangu. Yanzu ta lafa, a hankali take tafiya, kamar ta jariri mai barci. Ƙaho ke nan."

Iliyasu ya tuna da kashedin likitan. Hannunsa na dama ya motsa da kansa, kamar zai ɗauko wani abu daga tebur. Ba tebur.

"Ku ɗauke shi a kwance," ya ce. Muryar ta fita da ƙarfin da bai san yana da shi ba. "A kwance! A shimfiɗa shi a baya, a ɗaga ƙafafunsa sama."

"A baya?" in ji Ɗanbala, dogon direban, yana goge hannu da tsumma. "Ka ga bayan kuwa? Kashin awaki ne tun na jiya. Baba Dogara zan kwantar a nan, ƙafa a sama, in ratsa gari da shi kamar ragon da aka yanka? Wallahi ba da motata ba. Gaba zai zauna."

"Zama zai kashe shi!"

"Kai, yaro, iya bakinka," in ji Maikano. "A gaban matarsa?"

Duk suka dubi dattijon. Yana jingine, fuskarsa ta yi toka-toka, gumi ya tsattsafo a goshi. Idonsa ya sauka a kan Iliyasu, ya daɗe, sannan ya koma kan mutanen unguwa da suka fara taruwa a ƙofa, da yara a bayansu.

"Miƙo mini hulata mai kyau, Hapsatu," ya ce. "Gaba."

Suka ciccibe shi suka zaunar a tsakiya, Ɗanbala a dama da shi ko a hagu, Iliyasu bai iya tunawa ba daga baya, shi dai ya san yana gefen ƙofa, ya rungumo kafaɗar da aka yi wa ƙaho. Motar ta hau titi. Gonaki a share, ana jiran ruwan fari. Duwatsun Birnin Kudu, inda asibitin yake, suka fara bayyana can gaba, baƙaƙe, zafi yana rawa a kansu.

"Iliyasu."

"Na'am, Baba."

"Ragon nan. Kada a yanka shi don haushi. Dabba ce."

"To, Baba."

"A ba shi ruwa. Tun safe ba wanda ya tuna da shi."

Bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada, ita ma rabinta a leɓe. Sun wuce wata tsamiya, sun wuce masu tallar rake. Sai kan dattijon ya gangaro ya sauka a kafaɗar Iliyasu, hular ta zame, kunnensa ya manne a wuyan saurayin.

Tun hantsi yake son taɓa kunnen nan. Ga shi ya zo da kansa.

Ɗanbala ya ci gaba da tuƙi yana ba da labarin wani ɗan sanda a Gwaram. Iliyasu ya bar shi har ya kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Juya."

Kafin faɗuwar rana aka sallace shi. A maƙabarta, ana cikin tura ƙasa, liman ya ɗaga murya ya ce jama'a su shaida, bawan Allah nan da alwalar asuba ya yi azahar, da ita ya yi la'asar, da ita ya koma ga Ubangijinsa. Aka yi ta kabbara ƙasa-ƙasa. Wani tsoho ya ce shi tun tasowarsa sau biyu ya taɓa jin irin wannan. Maikano yana kuka a fili, hawaye yana bin tsagar kumatunsa, yana cewa, "A gabana ya ce a bar butar. A gabana."

Har yau in ana maganar kyakkyawan ƙarshe a unguwar, sunan Dogara ake fara kamawa. Iliyasu bai taɓa gyara wa kowa labarin ba.

Washegari da sassafe, kafin masu gaisuwa su taru, ya shiga zauren. An naɗe tabarmar. Butar tana inda take. Ya ɗaga ta, da nauyinta, cike har wuya.

Ya shiga da ita tsakar gida. Ragon ya miƙe da ganinsa, ya ja igiya. Iliyasu ya tsuguna ya juye ruwan a kwatarniyar da ke gaban turke. Ragon ya kafa kai yana sha, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Iliyasu ya kai hannu ya kama kunnensa.

Da ɗumi.

Ya riƙe shi a haka har ruwan ya ƙare, ragon ya ci gaba da lasar gindin kwatarniyar.